Isyaku Babu-Fistin da Motar Ƙarshe

Sama da shekara ashirin rumfata tana jingine da ta Isyaku a gefen ganuwa, wajen Ƙofar Mazugal. Sunana Garba, rewaya nake yi, wato wayoyin mota da batir, shi kuwa bakanike ne. Ban tuna ranar da muka wuni ba mu yi cacar baki ba, don shi mutum ne mai taurin kai, ni ma ba a bar ni a baya ba wajen zafin zuciya. Duk da haka in aka ce in ba da labarin mutum guda cikin waɗanda na zauna da su, nasa zan bayar.

Babu-Fistin ake ce masa, kuma yana amsawa. Injin da kowa ya sani fistin ne ke hawa da sauka a cikinsa. To akwai wasu motoci 'yan Japan da suka shigo zamanin da kuɗin fetur ke yawo, waɗanda injinsu ba shi da fistin ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Injin ɗan mitsitsi ne, in ka buɗe bonet sai ka ce an sace rabinsa, amma wajen gudu ba a magana. Isyaku yana saurayi ya koyi aikinsu a garejin kamfanin da ke kawo su, can Bompai. A shekarar saba'in da tara, lokacin da soja suka miƙa mulki karo na farko, ya fito ya kafa rumfarsa da irin motocin nan arba'in da ɗaya a hannunsa. Ya san lambar kowace, ya san mai ita, ya san wadda ke da gardama in ta kwana biyu ba a tashe ta ba.

Mu ne muka kashe su, ba zan ɓoye ba, don ni ma na taɓa. Makanikan garin nan muna da wata ɗabi'a: duk siririn tiyon da ba mu san aikinsa ba, sai mu zare shi mu cusa masa ƙusa. In mai kauri ne, a cusa masa tsohon fulogi. Sai mu ce ai kayan ƙasar sanyi ne, ba ruwanmu da su a nan. A wata motar kana iya yin haka ka kwana lafiya. Amma injin nan tiyo ne jibge a kansa kamar an juye kwanon taliya, kuma a cikinsu akwai ɗaya da ke kai baƙin mai cikin kafireto da gangan, don da ɗan man nan da yake sha injin yake rayuwa. Mai mota zai je wani gareji ya ce motarsa na shan baƙin mai, bakanike ya lalubo tiyon, ya buga ƙusa, ya yi ta washe baki wai ya gano ciwo. Bayan wata uku inji ya mutu murus. Daga nan sai a tuge shi a dasa mai fistin.

Duk motar da aka yi wa haka sai Isyaku ya bi sawu har garejin da aka yi, ya tsaya a tsakiyar mutane yana zazzaga masifa. "Jahilci! Abin da ba ka sani ba ka tambaya mana! Wanda ya ƙera ta mahaukaci ne da ya sa tiyon?" Haka ya ɓata da rabin makanikan birni. Ko ƙusa ɗaya ba ya yarda a ajiye a rumfarsa. Aka ce ya koma gyaran Fijo kamar kowa, ya ce shi bai iya ba, alhali ƙarya yake yi. Da motocin suka yi ta raguwa sai ya koma wanke kafireton janareta da na babura, yana yi yana ɓata rai.

Gida ma haka ya yi ta raguwa. Matarsa Kande ta rasu a casa'in da uku, bai ƙara aure ba. 'Yarsu guda, Nana Khadija, tana Fatakwal da mijinta, sai wasiƙa daga Salla zuwa Salla. Ɗaki ɗaya ya rage masa a gidan gadonsu a Gwale, 'yan uwa sun sayar da nasu kason sun koma sababbin unguwanni. Da safe ya tako da ƙafa, bayan La'asar ya koma da ƙafa. Ba shi da majalisar da yake zama.

Kafin shekarar casa'in da tara ta kama, mota ɗaya tak ta rage a Kano da injinta na asali, iya sanin Isyaku, kuma in ya ce haka to haka ne. Ta Malam Abdulmuttalib ce, tsohon rajistaran kotu, wani dogon Bafulatani siriri da ke zaune a Ƙofar Ɗan Agundi. Koriya ce, fentin ya koɗe, amma ko lotsawa babu. Ciwonta biyu. Silo, wato daidaiton injin in ba a taka totur ba, ba ya tsayawa, in an bar ta a tsaye sai ta yi ta rawar jiki. Sannan in ana gudu aka ɗaga ƙafa daga totur, wani lokaci sai ta yi harbi ta salansa, tau! Saboda haka duk Asabar da hantsi Malam yake kawo ta. Isyaku ya buɗe bonet, ya ɗan murɗa sukurun kafireto, ya goge fulogi, ta lafa na mako guda. Aikin minti goma ne. Sauran lokacin har Azahar a kan benci suke cinye shi, su biyu.

Wai hira suke yi. Na taɓa kasa kunne don in ji abin da ke zaunar da su haka. Malam ya ce, "Hadari ya haɗu jiya ta gabas." Aka yi shiru har na gama ɗaure kan batir. Sannan Isyaku ya ce, "Bai zubar ba." Shi ke nan fa. Wani lokaci su ambaci wanda ya rasu, su yi masa addu'a. Amma ni da nake gefe na san ranar Asabar ce kaɗai Isyaku ke zuwa da wankakkiyar riga, kuma ita ce kaɗai ranar da ba ya neman faɗa da ni. Na taɓa tsokanarsa na ce da gangan yake ƙin gama gyaran don kada Malam ya daina zuwa. Saura kaɗan ya jefe ni da sifana. Gaskiyar magana ita ce ya san ciwon na can ciki, tsoron buɗewa yake yi don ya san babu kayan gyara.

Ranar da aka miƙa wa farar hula mulki Asabar ce. Kowa ya kafa kunne a rediyo, zuciya ba a kwance ba, don har safiyar nan akwai masu rantsuwa cewa soja ba za su saki ba. A bakin Ƙofar Mazugal mutane sun yi cincirindo wajen mai shayi ana sauraro. Daidai lokacin Malam Abdulmuttalib ya shawo kwana, ya ɗaga ƙafa daga totur, motar ta saki guda biyu a jere, tau! tau! Wani ya ce, "Sun dawo!" Kafin ka ce kwabo wuri ya watse. Aka kifar da tukunyar shayi, wani mai kayan miya ya bar tirensa a tsakiyar titi, wani ƙato da nake jin kunyar faɗin sunansa ya shige ƙarƙashin tebur. Da aka gane abin da ya faru aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Malam kuwa ya fito daga mota fuskarsa ba walwala. Babban ɗansa, Abdulhakeem, ya ci zaɓen ɗan majalisa, kuma kafin Magariba labari ya zaga birni cewa motar baban Honorabul ta yi juyin mulki.

Washegari Abdulhakeem ya zo da kansa, da mutum biyu a bayansa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya durƙusa ya gai da Isyaku yadda ya kamata.

"Baba Isyaku, na saya wa Malam wata motar, ya ce shi ba zai hau ba. To na haƙura. Amma abin jiya ba zai sake faruwa ba. Na yi magana da wani a Ƙofar Ruwa, zai cire injin nan ya sa mata irin na kowa."

Isyaku ya ce, "Injin lafiyarsa ƙalau."

"To me ke harbin?"

"Zan nemo shi."

"Shekara nawa kana nema, Baba?" Bai faɗa da rashin kunya ba, shi ya sa ma ta fi zafi. "Na ba ka zuwa Asabar. In na tuƙa ta da kaina ta yi ko sau ɗaya ne, shi ke nan, kada a ga laifina."

Aka bar motar a rumfa. Isyaku ya tsaya yana kallonta, ni ina kallonsa. In aka cire injin nan, ba sauran abin da zai sa a kira shi Babu-Fistin, kuma ba sauran abin da zai kawo Malam ranar Asabar. Duk mun san haka.

Litinin ya kwance kafireto gaba ɗaya, ya baje a kan buhu, ya wanke kowane rami da fetur, ya busa da bakinsa. Ya mayar, ya tayar, rawar jiki na nan. Ya sauya fulogi duka huɗun. Ya sa ni na duba wuta, na ce masa wutata lafiya lau, kada ya ɗora mini. Talata ya yanko tiyo kamu ɗaya, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗaya bakin yana bin jikin injin da shi a hankali, yana neman inda iska ke shiga ba da izini ba. Ya fi awa biyu a sunkuye, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Can sai na ga ya tsaya cak. Ya zare wani tiyo mai kauri, ya ɗora yatsa a bakinsa, tiyon ya tsotse yatsan.

"Garba, zo ka ji."

Na sa nawa yatsan, na ji yana ja. Na ce, "To sai me?"

A shekara ashirin wannan ne karo na farko da ya yi mini bayani ba tare da zagi ba. Ya nuna mini wani famfo da bel ke juyawa, ya ce aikinsa tura iska cikin salansa don ragowar fetur ya ƙone, hayaƙi ya fita da tsabta. Ya nuna wani ɗan bawul kamar gwangwanin tumatir, ya ce shi kuma mai gadi ne: a rufe yake zama, sai an ɗaga ƙafa daga totur ya buɗe na ɗan lokaci, ya ba injin iska don kada ɗanyen fetur ya gangara salansa. Da ya buɗe cikinsa muka tarar 'yar robar da ke motsa shi ta tsage, bawul ɗin ya maƙale a tsakiya. Yana yoyon iska kullum, shi ne rawar jikin. Lokacin da ake bukatar ya buɗe sosai kuma ba ya buɗewa, sai fetur ya tarar da iskar famfo a salansa mai zafi, shi ne harbin. Fuskarsa ta yi haske kamar wanda aka yi wa albishir. Ni kuwa na tambaye shi inda za a samo sabo, hasken ya ɗauke.

Laraba da Alhamis a kasuwar Ƙofar Ruwa muka yi su. Na rufe rumfata na bi shi, ina mita, amma na bi. Da na sani ban je ba, don ziyarar maƙabarta muka yi. Ya ga wata ƙofa jingine ya ce ta motar Alhaji Ilu mai goro ce. Ya ga sitiyari a rataye ya faɗi lambar motar. Wani dillali, Mailafiya, da muka tambaye shi injinan, sai ya yi dariya ya ce, "Waɗannan masu farin ƙarfen? Ai tuni maƙeran tukwane suka kwashe, sun narke." Isyaku ya yi gaba. Daga ƙarshe a ƙasan wani tulin ƙarafa muka tono bawul guda, tsatsa ta cinye shi, ko motsi ba ya yi.

Bai saduda ba. Ya yanko roba daga tsohon tub na keke, ya zauna da reza yana fiƙe ta har ta yi siririya, ya ɗaura a bawul ɗin. Ranar Juma'a da safe muka fita gwaji. Silo ya tsaya cak, har na fara yi masa barka. Muka bi gefen ganuwa, ya taka, ya saki, shiru. Ya ƙara, shiru. Muna dab da Ƙofar Ɗan Agundi ta saki wata irin ƙara da ta sa awaki suka tsallaka kwata. Zafi da tururin fetur sun kumbura robar ta saki. Muka juyo muka dawo rumfa.

Bayan an sauko daga masallaci ya zo ya tsaya a bakin rumfata. Ya daɗe a tsaye, yana kallon wayoyin da ke rataye kamar bai taɓa ganinsu ba.

"Garba, kana da ƙusa?"

Na ɗauka ban ji daidai ba. Shekara ashirin nake jiran ranar da zan rama zagin da ya yi mana, ga ta ta zo har ƙofa, amma wallahi ban rama ba. Na zuba masa ƙusoshi a tafin hannu, na ƙara masa da tsofaffin fulogi biyu.

Ina tsaye ya yi aikin. Ya cire bel ɗin famfon iska, don in ba iska a salansa ba abin da zai tashi da fetur. Ya toshe babban tiyon bawul da fulogi. Ƙananan kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙusa, yana yi yana cewa, "Hayaƙinta zai yi wari. Za ta ƙara shan mai kaɗan." Kamar mai ba motar haƙuri. Da ya zo kan tiyon baƙin mai sai ya aro jan fenti wajen mai fentin da ke bayanmu, ya shafa masa tun daga sama har ƙasa, yadda ko makaho ya zo zai san ba a taɓa wannan. Ya tayar da ita. Ta yi lum, kamar mage a kan cinya.

Na ja shi gefe na ce, "Malam Isyaku, ka ji shawara. Ka bar mata ɗan wani abu. Ba harbi ba, ɗan ƙaramin abu, sukuru ɗaya ka sassauta yadda bayan kwana bakwai za ta nemi hannunka."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Ni zan sa wa mota ciwo da hannuna? In yaudari Malam?"

"To ka zauna kai kaɗai, mai taurin kan tsiya!"

"Na ji," in ji shi.

Asabar Abdulhakeem ya tuƙa ta da kansa, mahaifinsa na gefe, suka yi zagaye mai nisa. Ya taka ta, ya saki, ya yi duk abin da zai yi, ko tari ba ta yi ba. Ya dawo yana murna, ya ce injin ya tsira, ya yi godiya ya shiga tasa motar ya tafi. Malam Abdulmuttalib ya tsaya a gefen benci, bai zauna ba, hannunsa a bayansa. Abdulhakeem ɗansa na fari ne, ba ya kiran sunansa, sai ya ce, "Wancan ya gamsu." Ya juyo wajen Isyaku. "To yanzu sai yaushe zan kawo ta?"

Ga ƙofa an buɗe masa, ba sai ya ce Asabar ba? Amma Isyaku ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ta da sauran matsala, Malam. Baƙin mai kawai za a riƙa dubawa, wannan kuwa ko a gidan mai za a duba. Mai jan fentin ne dai kada a bari kowa ya taɓa."

Malam ya ce, "To. Madalla. Allah ya saka da alheri." Ya ɗan ƙara jinkirtawa, sannan ya shiga mota. Na ji kamar in ɗauki batir in rotsa wa Isyaku a ka.

Kada wani ya ce ai sai su riƙa ziyartar juna. Wanda ya faɗi haka bai san mutanen ba. Dattijo irin Malam ba zai zo ya zauna a gareji ba dalili ba, kunya ba za ta bar shi ba. Isyaku kuwa sau ɗaya na matsa masa ya je gidan. Ya dawo ya ce mini tun daga nesa ya hango takalma jibge a ƙofar zaure, na masu jiran Honorabul, kowa da bukatarsa. Ya ce in ya cire nasa ya ajiye a cikinsu, me za a ce ya zo yi? Sai ya juyo. Asabar ta farko ya zo rumfa da wankakkiyar riga, ta biyu ma haka. Daga ta uku ya daina.

Damina ta yi nisa, wata ranar Talata, yana tsugune ya ba titi baya yana wanke kafireton wani babur, na hango koriyar motar ta taho. Titi cike yake da 'yan acaɓa, ƙara ta ko'ina. Malam ne ke tuƙi. Da ya zo daidai rumfar ya rage gudu sosai, ya leƙo, ya ɗaga hannu. Isyaku bai waiwayo ba, don yanzu ba harbin da zai sanar da shi zuwanta. Na buɗe baki in kira shi, motocin baya suka dami Malam da ham, ya sauke hannunsa ya wuce.

Na ce, "Malam Isyaku, mutuminka ne ya wuce yanzu."

Ya miƙe da sauri har ya zubar da kwanon fetur. Ya fito bakin titi yana leƙe, amma ta riga ta shige cikin motoci.

"Ta nan ta bi? Ta gabana?"

"Ta gabanka. Har ya ɗaga maka hannu."

Ya daɗe yana kallon inda ta bi. Sannan ya ce, "Ban ji ta ba." Ya goge hannunsa a riga. "Yaya tafiyarta?"

Na ce, "Lafiya lau. Ba abin da ke damunta."

"To alhamdu lillahi," in ji shi. Ya koma ya tsuguna, amma wannan karon ya juyo da fuskarsa wajen titi. Haka ya riƙa zama har shekara huɗun da suka rage masa.